Kurar da Inna Ta Ɗaure

Na san abin da ake gaya muku game da fim ɗina. Wasu sun ce mutanen daji ne suka aiko mini da saƙo, tsoro ya kama ni na ajiye kyamara. Wasu sun ce malamai ne suka taka mini birki. Baffanku Garba kuwa, Allah ya ƙara masa lafiya, cewa yake dama ni ban taɓa ƙarasa komai ba tun ina yaro, ko kunya biyu aka yanka mini a gona sai na bar ɗaya da rabi. To, duk ba haka ba ne. Ke Asma'u, kai Nasiru, da ƙannenku, ku karanta wannan da kyau, don na gaji da jin ƙarya a kaina, kuma na fi gajiya da yin shiru. Fim ɗin bai ƙare ba saboda abin da na yi wa kakarku, Inna. Sau biyu na yi mata, kuma duka biyun gani nake dabara nake yi.

Kun taso kun gan ni malamin firamare a Gummi, mai ɗaukar hoton biki da suna ranakun Asabar da Lahadi. Amma ni ɗan Tungar Kaiwa ne, wata 'yar tunga a bayan Zugu, ƙasar Bukkuyum. Can Inna ta ci gaba da zama tare da Yaya Garba bayan rasuwar Baba. Na yi na yi ta dawo wurina, ta ƙi. Na ce to a bari in yi wa ɗakinta rufin kwano, nan ma ta ƙi, wai kwano ba ya barin mutum ya ji sallamar baƙo idan ana ruwa. Ta yi zamanta a ɗakinta na jinka, ƙofarsa na kallon itacen kaiwar da tungar ta ci sunansa, wato kanya a Hausarku ta makaranta. Ni ne autanta, kuma har na yi furfura ba ta taɓa kirana da wani suna ba sai Auta. Wata rana a gaban ɗalibaina ta kira ni haka, suka yi mako guda suna dariya.

Shekarar da nake ba ku labari ita ce shekarar da hanyoyinmu suka fara mutuwa. Kafin nan mun ga tashin hankalin dalma, lokacin da yara suka yi ta rasuwa wajen Bagega da Sunke saboda dutsen zinari da ake dakawa cikin gidaje, muka ɗauka mun ga ƙarshen masifa. Ashe somin taɓi ne. 'Yan bindiga suka cika daji. Da farko gonakin nesa aka bari. Sai aka daina bin hanyar kasuwar Anka sai in an taru da yawa. Sai ya zama in ka tare ɗan kabu-kabu ka ce masa Tungar Kaiwa, sai ya ɗaga kai ya kalli rana kafin ya kalle ka. Cikin wannan hali wata rana na shiga shagon masu tura fim a waya, na tarar samari sun kewaye kwamfuta suna kallon fim ɗin ban tsoro na ƙasar waje. Wata mata na ta kururuwa cikin wani ƙaton gida, su kuwa sai ƙyaƙyata dariya suke suna cin gyaɗa. Raina ya ɓaci ban san dalili ba. Na ce a zuciyata, masu wannan fim ba su san tsoro ba. Tsoro shi ne ka tsaya ƙofar gidanka da fartanya a kafaɗa, rana tsaka, ga hanyar gonarka kana gani, ƙafarka ta ƙi takawa. Ina fitowa daga shagon gatanar Inna ta faɗo mini a rai.

Gatana muke cewa, abin da littattafanku ke kira tatsuniya. Wannan ta wani Dodo ce da ya sauka a bayan wani gari. Ba ya cin mutum, ba ya cin dabba, hanya yake ci. Sai ya kama bakinta ya yi ta zuƙa har ta ƙare, gari ya waye mutane su ga daji ya haɗe inda take. Ya cinye ta kasuwa, ya cinye ta gona, ya cinye ta rijiya, har ya zama maƙwabci ba ya iya zuwa gaida maƙwabci. Sai wata marainiyar yarinya ta ratsa ƙaya ta je ta tsaya gabansa, ta yi masa waƙa har ya ji daɗi. Ya ce zai amayo mata hanya, amma guda ɗaya tak, ta zaɓa. To, daidai nan ni kullum barci ke kwashe ni a cinyar Inna. Na ji gatanar nan ya fi a ƙirga, ban taɓa jin abin da yarinyar ta zaɓa ba. Da na tambayi yayyena sai rigima ta kaure.

"Hanyar gona ta zaɓa, mi za a ci in ba gona?" in ji Yaya Garba.

Gwaggonku Kulu ta ce, "Kai ma barci kaka yi, Garba, munshari har waje. Ta rijiya ta zaɓa."

Na ce su bar shi, mai gatanar tana raye. Ni dai na riga na yanke shawara: zan yi fim ɗin Dodon nan, a tungarmu, da mutanenmu, da muryar Inna tana ba da labarin daga fari har ƙarshe. Ba kamfani, ba mai gida, kyamarar biki ce da ni da taurin kai. Yaya Garba da ya gane da gaske nake sai ya ja ni bayan rumbu.

"Auta, ba ka da hankali? Mutane na gudun abu, kai kana bin shi da kyamara? In sunka ji an yi wasa da su, kai kana Gummi, mu muna nan."

Na ce, "Yaya, babu sunan kowa a ciki. Dodo ne kawai."

Ya ce, "Kowa ya san Dodon."

A ƙarshe ya yarda, da sharaɗi: ba zan kwana tunga da kyamara ba, kuma la'asar ba za ta same ni can ba. Shi ya sa komai da rana aka ɗauka. Abokaina suka yi ta yi mini tsiya, wai wa ya taɓa ganin fim ɗin ban tsoro da rana tsaka, inuwar kowa na ƙarƙashin ƙafarsa. Ranar farko na sa aka yi wa Manu mahauci shigar Dodo, ƙato ne na gaske, muka naɗe shi da buzu da ganyen rogo. Bai yi taku goma ba awakin tunga suka bi shi suna cin rigar, yana kora yana zagi, mata a bayan zana har da masu faɗuwa don dariya. Daga ranar na cire Dodo daga fim ɗin gaba ɗaya, ba a ganinsa ko sau ɗaya. Sai mu ɗauki hanya tana nan sarai, sannan maza su jawo ƙaya da rassa su rufe ta, mu sake ɗauka. Kukansa kuwa, tashar 'yan kabu-kabu na je na naɗo ƙarar babura, na jera su bisa juna, na ja su suka yi kauri, suna tasowa daga nesa a hankali. Da na kunna wa uwarku a gida tana kwasar tuwo, mara ta suɓuce daga hannunta. Ke kuma Asma'u, ke kika fito a marainiyar, da tsohon zanen Gwaggo Kulu, ƙafa ba takalmi, kina ta ƙorafin ƙaya.

Saura muryar Inna. A nan aiki ya tsaya, don tunda ba na kwana, dole da rana za ta yi.

Ta ce, "Gatana da rana? Auta, boko ya cinye maka kai? Wanda yay yi gatana da rana ɓacewa shika yi, ba shi gane hanyar gida."

Na ce, "Haba Inna, camfi ne, ke ma kin sani."

"Na sani. Sallata nika yi, ba kura nika bauta ma ba. Amma haka na ishe uwata na yi, ban ga abin da za ya sa in canza don akwatinka ba."

Zuwa uku na yi, da goro, da sabulu, da daɗin baki, duk a banza. Sai da ke Asma'u kika langaɓe mata kika ce ke ba ki taɓa jin gatanar daga bakinta ba, sannan ta sauko. Wata Lahadi da rana tsaka ta sa aka shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakinta. Kafin ta zauna ta yi ɗage, ta kamo silin bunu uku daga bakin jinkar, saitin kanta, ba ta tsinke su ba, ta ƙulle su ƙulli ɗaya. Ta ce ta ɗaure kura. Haka ake yi a gidanmu in ya zama dole a yi gatana da rana: a ɗaure kura a bakin jinka kafin a fara, in an kai ƙarshe a kwance ta. Ta ɗaga mini yatsa ta ƙara da cewa wanda aka fara wa, shi ake ƙarasa wa, kuma a inda aka fara. Na ce na ji, ina ta gyaran ƙafar kyamara, ko kallonta ban yi ba.

Wayyo, da kun ji ta ran nan! Tsohuwar da ke kukan gwiwa ta koma wata daban. Ta yi muryar Dodo daga can cikin ƙirji, ta yi ta yarinyar siririya, ta nuna yadda ake zuƙe hanya da leɓɓanta har kaji suka watse. Matan tunga suka bar daka suka taru. Ni ɗan shekara hamsin da wani abu, tsigar jikina na tashi a bayan kyamara. Ta kawo inda yarinyar ta gama waƙa, Dodo ya ce guda ɗaya tak, zaɓi. Ta ja numfashi za ta ci gaba. A daidai lokacin rana ta karkata bayan kaiwa, inuwa ta rufe mata rabin fuska. Sai na ɗaga hannu.

"Inna, tsaya."

"Mi ya faru?"

"Haske ya gudu daga fuskarki. Asabar zan dawo da sassafe mu ɗauki ƙarshen, ki fito fes."

"Saura kaɗan, Auta. Kahin ka ɓare goro na ƙare. Ba a barin kura ɗaure ta kwana."

Na yi dariya na ce, "Ko kwana shida ta yi ba ta mutuwa, Inna. In ta ji yunwa ki miƙa mata tuwo."

Ba ta yi dariya ba. Ke Asma'u kika ce, Baba ka bari ta ƙarasa mana, na daka miki tsawa na ce me kika sani game da haske. Ku ji ni da kyau: batir na cike, la'asar da saura, ɗan kabu-kabunmu na kwance gindin kaiwa yana barcinsa. Ba ni da wani dalili sai son hoto mai kyau. Na naɗe kayana. Inna ta ɗaga kai ta kalli ƙullin, ta kalle ni, ta shige ɗaki.

Asabar ɗin ba ta same mu a tunga ba. Ranar Alhamis da hantsi 'yan bindiga suka faɗa wa tungar da ke maƙwabtaka da mu, hayaƙi ya tashi ana gani daga gindin kaiwa, kowa ya kama abin da hannunsa ya kai ya fita. Yaya Garba ya ɗora Inna a babur da carbinta da ɗan ƙullin tufafi. A gidanmu ba a rasa kowa ba, alhamdu lillahi, amma ba kowane gida ke iya faɗin haka ba. Da azahar sai ga su a ƙofar gidana a Gummi. Yaya Garba bai ce fim ɗina ne ya jawo ba, kuma ba shi ne ba, amma ya yi wata biyu in na gaishe shi sama-sama yake amsawa.

Na ba Inna ɗakin da ya fi kowane, mai kwano da fanka. Ta ƙi kwance ƙullin tufafinta. Uwarku ta kawo mata akwati, ta ce a mayar, ita ba zama ta zo yi ba. Kullum bayan ta karya sai ta ja tabarma bakin zaure ta fuskanci gabas, masu shigowa su ɗauka lazimi take, alhali hanyar Bukkuyum take kallo. Duk wanda ya zo daga wannan ɓangaren sai ta tare shi: hanya ta buɗe? Takan ce tana da abin da ta baro can. Amma fa lafiyarta lau. Tana cin tuwonta, tana faɗa da uwarku kan daddawar Gummi wai ba ta da ƙamshi, kuma safe da yamma sai ta zagaye tsakar gida sau bakwai da sandarta, wai kada ƙafafu su mutu kafin ranar komawa. Na roƙe ta ta ƙarasa mini gatanar a nan, ko bayan isha'i ne, lokacin da ba a bukatar wata kura.

Ta ce, "Wagga an riga an fara ta da rana. Kura na can ɗaure. In na ƙare nan, in kwance mi?"

Da na ga ba ta da niyya, sai na haɗa abin da nake da shi, na ari majigi da janareta, na kai makarantar da aka sauke mutanen tungoginmu. Muka toshe tagogin aji da barguna bayan azahar, aji ya cika har baranda. Inna na gaba a kujera. Da ƙarar baburan ta fara tasowa, mata suka rarumi 'ya'yansu, wani dattijo ya fita ta taga da bargon da komai, ni ina tsaye ina ihu fim ne, jama'a fim ne! Na sami tsoron da nake nema, kuma wallahi ban ji daɗinsa ba, kunya ce ta rufe ni. Na rage murya har ƙasa, aka dawo aka zauna. Daga nan babu wanda ya ƙara kula Dodo. Sai ka ji an ce, ga rumbun Malam Isa! Ga turmina can! Malam, mai da baya, mai da baya, in ga ƙofarmu! Na yi ta mayarwa. Wata mata ta taso ta dafa bango daidai inda rijiya ta fito, ta tsaya haka, hoton na bisa bayan hannunta. Da fuskar Inna ta bayyana sai ta ce wannan tsohuwa ta cika surutu, aka yi dariya cikin hawaye. Can sai ta miƙa sandarta ta nuna saman hoton. Ni da na ɗauka ban taɓa lura ba: ƙullin bunun ya fito a bisa kanta, iska na kaɗa shi.

Ta ce, "Ga ta can. Tana jirana."

Fim ɗin ya tsaya a kanki, Asma'u, kina tsaye gaban duhun daji, baki buɗe za ki ba da amsa, sai bango ya yi fari. Aji ya ɗauka: wace hanya? Wace hanya ta zaɓa? Kowa ya juyo ga Inna. Ta gyara lulluɓinta ta ce, sai mun koma. Aka ce Allah ya kai mu, aka shafa.

Yanzu ga dabarata ta biyu. Bayan kaka ta zagayo aka sami ɗan sauƙi, wasu mazan tunga suka shirya zuwa da masu rakiya su kwaso abin da ya saura na kwano da ƙofofi. Na bi su, ban gaya wa Inna ba. Abin da na gani ba zan iya rubuta shi duka ba. Hanyar rijiya babu, ta gona babu, haki ya haɗe ko'ina har ƙugu, ba wanda ya jawo ƙaya ya rufe, ita da kanta ta tafi. Na tsaya ina neman ƙofar gidan da aka haife ni, sai da na yi kwatance da kaiwa. Rumbun Yaya Garba ya ƙone. Ɗakin Inna yana tsaye, jinkar ta zauna ta gefe ɗaya. Na sunkuya na duba bakinta, ga ƙullin nan, ruwan damina ya mai da shi toka-toka, amma bai kwance ba. Na yi kuka a wurin, ba na ɓoye muku. Sannan na yi tunani irin na malamin makaranta: tsohuwa ce, hanyar nan ba tata ba ce yanzu, in na kai mata ƙullin sai ta ƙarasa, ta kwance abinta, hankalinta ya kwanta, ni ma fim ɗina ya ƙare. Na zaro reza na yanke silin ukun daga sama, na naɗe a hankici. Duk tsawon hanya murna nake, ina taɓa aljihu.

Na same ta a bakin zaure. Na durƙusa na buɗe hankicin a gabanta. Ta daɗe tana kallo, ba ta taɓa ba.

"Mi na wannan?"

"Kurarki ce, Inna. Na kawo miki ita har gida."

Ta ce, "Gida." Ta ɗago ta kalle ni. "Wa yac ce ka kawo?"

Na fara bayani, hanya, tsufa, kwanciyar hankali. Ta katse ni.

"Ɗakin na nan?"

"Yana nan."

"Kaiwa?"

"Tana nan, har ta yi 'ya'ya."

"Kushewar ubanku?"

"Haki ya rufe ta, amma na gane wurin."

Ta gyaɗa kai. Sannan ta yi maganar da har gobe nake ji, a hankali, ba faɗa, da ma faɗan ta yi.

"Auta, ita ɗai ta rage min can. Kullum na tashi sai in ce ina da aikin da ban ƙare ba, dole a mai da ni. Yanzu ka ɗauko ta. To in ce a kai ni in yi mi?"

Na naɗe hankicin na tashi. Kafin magariba ta kira uwarku ta ce a kawo akwatin nan, a kwance ƙullin tufafinta a jera. Uwarku ta jera, ta fito ta same ni a bayan ɗaki tana kuka, ta ce Malam me ka yi wa tsohuwar nan?

Daga ranar Inna ba ta ƙara tambayar kowa hanya ba. Ta daina zagayen tsakar gida, ta daina faɗan daddawa, abin da aka ba ta shi take ci, kaɗan. Tabarmar ma ta dawo da ita cikin ɗaki. Ba na cewa bunu ne ya kashe ta, astagfirullahi, kwana ne ya ƙare, kuma ta ga shekaru. Amma ni na san tsohuwar da na bari a bakin zaure da safen nan, na san wadda na samu washegari. Ban ƙara roƙonta ƙarshen gatanar ba, ba ni da fuskar. Sau ɗaya, cikin jinyarta, ita ta tayar da maganar. Ina ba ta kunu ta riƙe mini hannu.

"Kurar, ka aje ta?"

"Na ajiye, Inna."

"Kada ka kwance ta nan. Ba ta san garin ba."

Ta rasu kafin ruwan farko, da hantsi, aka rufe ta a nan Gummi, nesa da Baba. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta.

Bayan haka wasu samari masu harkar fim sun zo har gida, sun ga abin a wayar wani, suka ce in zaɓi kowace hanya mana a ɗauka a rufe, wa zai sani? Na ba su ruwa suka sha, na raka su ƙofa. Yaya Garba har yau yana kan ta gona, Gwaggo Kulu na kan ta rijiya. Mutanen tungarmu da suka warwatsu, daga Anka har Sakkwato, kowa ka tambaya da tasa, kuma in ka lura kowa hanyar da ya fi kewa yake faɗa. Suna tura wa juna fim ɗin a waya, ba don tsoro ba, don su ga ƙofofinsu. Ni ba na iya kallonsa. Amma wani lokaci nakan kunna in kife wayar, in ji muryarta kawai.

Ƙullin yana cikin gwangwanin alewa, a ƙasan akwatina, tare da katin da fim ɗin yake ciki. Gwiwoyina sun daina hawan babur, amma in hanya ta buɗe ina raye, ku ɗauke ni ko a amalanke ne. In kuma ba na nan, ku tafi ku da kanku, da safe. Ku nemi kaiwa, ƙofar ɗakin na kallonta. In jinkar ta faɗi, ku maƙala ƙullin a reshen da ya fi kusa. Ke Asma'u, ke aka bari tsaye baki buɗe shekara da shekaru, kuma ke kika ce a bari ta ƙarasa na yi miki tsawa, ki yafe mini. Ki tsaya wurin ki faɗi hanyar da kika zaɓa, da ƙarfi, kowace ce. Sannan kai Nasiru ka kwance kurar, ku ce ƙungurus kan kusu a madadin kakarku, ku je ku share kushewar Baba. Kada wanda ya ɗauki hoto, ko haske ya yi kyau.

Kewarta nake yi, 'ya'yana, kewar da ban san inda zan ajiye ta ba. Na yi barci a cinyarta sau ba adadi kafin ta kai ƙarshe, ba ta taɓa fushi ba, sai ta lulluɓe ni ta ƙarasa wa sauran. Rana ɗaya tak da na kasance a farke, ni na ce ta tsaya.